Ga masu shirin zuwa Playa del Carmen: a kula da abincin titi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa wannan gari na bakin teku a Meziko, ga abin da nake so ya riƙe.

Da yamma za ku ga nama a tsire a tsaye yana juyawa kamar shawarma, da abarba a samansa. Sunansa al pastor, kuma naman alade ne. Haka ma cochinita pibil da ake sayarwa da safe. Inda aka fi yin tuntuɓe kuwa shi ne kitsen alade, wato manteca, domin ana sa shi a dafaffen wake da tamales (ƙullun masara da ake turarawa a cikin ganye kamar alala), ba kuma za ka gane da ido ba. Ka tambayi mai abincin: “¿Tiene puerco o manteca?” Ma'ana, akwai naman alade ko kitsensa a ciki? Mutanen suna da fara'a, za su faɗa maka gaskiya.

Ni dai na fi natsuwa da kifi gasasshe, da ceviche, ɗanyen kifi da aka jiƙa a ruwan lemun tsami. Soyayyen kifin taco (wanda ake naɗewa a cikin siririyar waina) kuwa sai an tambaya, don wasu da giya suke kwaɓa fulawarsa. Akwai kuma dafaffiyar masara da ruwan kwakwa, ga marquesita, siririyar waina naɗaɗɗiya mai cuku, da daddare.

Quinta Avenida titin baƙi ne, tsada gare shi. Ku taka zuwa wajen Avenida 30, inda 'yan gari ke ci, da kuɗin peso a hannu.

Kada a sha ruwan famfo, a sayi na gora. Barkonon habanero kuma a fara da ɗan kaɗan, ko an saba da attaruhu.