Kurakuran da masu rubuta labarin gida suka fi yi, da yadda ake gyara su

Yawancin sababbin marubutanmu daga cikin gida suke fara ɗaukar labari: aure, kishi, uwar miji, 'yan uba, rabon gado. Hakan ya dace, domin nan ne kowa ya fi sani. Abin da ke damuna, duk lokacin da ƙanne suka turo mini rubutunsu in duba, shi ne gidan da ke cikin labarin sau da yawa aro ne. An ɗauko shi daga wani littafi, wanda shi ma daga wani ya ɗauko. Za ka tarar da katafaren bene, motoci jere a harabar gida, Alhaji ya dawo daga Dubai, 'yar aiki na jera kwanuka a kan tebur. Alhali marubuciyar ta tashi ne a gidan da ake layin famfo da asuba, ake jin ƙarar turmi daga maƙwabta, yarinya mai tallan ƙosai na leƙowa ta zaure. Wannan gidan na biyu shi ne dukiyarta, kuma shi ta bari a baya.

Gyaran abu ne mai sauƙin faɗa, yana dai son haƙuri. Ki ɗauki kwana biyu kina lura da gidanku kamar baƙuwa. Wa ke fara tashi? Wa ake ɗebar wa abinci da farko, wa ke samun ƙanzo? Idan maigida ya yi sallama, muryar wa ke sauyawa? Ki rubuta su a ɗan littafi ko a waya. Daga nan ne za ki daina gaya wa mai karatu abin da mutum ya ji, ki fara nuna masa. Dubi jimla irin wannan: "Hajiya ta ji haushin amarya matuƙa." An ba da labari, amma ba wanda ya ga komai. Sai a ce ranar girkin amarya ce, an kawo wa Hajiya kwanon tuwonta. Ta buɗe murfi, ta duba miyar, ta mayar ta rufe, ta tura kwanon ƙarƙashin gado, sannan ta kwance bakin zane ta ba yaro kuɗi ya sayo mata awara, da murya yadda duk tsakar gida za a ji. Ba a ambaci haushi ba, amma duk wanda ya zauna a gidan mata biyu ya san me aka yi.

Kuskuren da ke biye da wannan shi ne raba mutane gida biyu, salihai da azzalumai. Kishiya kullum tana hanyar gidan boka, uwar miji kullum bakinta da wuta, jarumar labari kuwa ba ta taɓa ɗaga murya ba tun da aka haife ta. Mai karatu na gajiya da wannan tun shafi na goma, don ya riga ya san ƙarshe. Kafin ka rubuta muguwar uwar miji, zauna ka tambayi kanka me take tsoro. Wataƙila mace ce da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ta yi ta soya ƙuli-ƙuli har ɗan nan ya gama makaranta, yanzu tana ganin albashinsa na farko ya tafi a lefe. Wannan bai wanke ta daga zaluncin da za ta yi wa surukarta ba. Amma ya sa ta zama mutum, kuma zaluncin mutum ya fi na dodo ciwo a zuciyar mai karatu.

Sai magana. Nan ne na fi saurin gane wanda ya saurari mutane da wanda bai saurara ba. A labarai da yawa tsohuwa da jikarta da direban gidan duk baki ɗaya gare su, bakin marubucin. Ga kuma alkunya da ake mantawa da ita. Uwar da aka ce a ƙauye take, shekaru hamsin da suka wuce, sai ga ta tana kiran ɗanta na fari da sunansa a gaban mutane tana rungume shi. A irin wannan gida sai dai ta ce "wannan yaron", ko ta saka masa wani laƙabi, ƙaunar kuma ta fito ta wata hanya, kamar ƙarin nama a kwanonsa ba tare da ta dube shi ba. Haka matar aure ta wancan zamani ba ta kama sunan miji, sai Malam ko Maigida. Sunayen zumunta ma kowanne da gurbinsa: Kawu ɗan'uwan uwa ne, Baffa ɗan'uwan uba, Goggo 'yar'uwar uba. Idan ka sa Basakkwace a labari, to a ji "mi" da "shina" da "biyat" a bakinsa, amma kaɗan-kaɗan, kada ka mayar da shi abin dariya. Maganin duk wannan shi ne karanta hirar da ƙarfi. Inda harshenka ya sarƙe, ko ka ji kunyar furtawa a gaban mahaifiyarka don ka san ba mai magana haka, to wurin na bukatar gyara.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan nauyi, domin yana koyar da mutane abin da ba daidai ba. Labarin gida ba ya rabuwa da hukunce-hukuncen aure da gado, kuma mutane da yawa daga littafi suke fara jin su. Na sha ganin an yi wa mace saki uku, bayan babi biyu miji ya zo da ban haƙuri ta koma ɗakinta, alhali ba ta halatta gare shi sai ta auri wani aure na gaskiya sun rabu. Na ga an haɗa idda da takaba an mai da su abu ɗaya. Iddar wadda aka saka tsarki 3 ne, takabar wadda mijinta ya rasu wata 4 da kwana 10, mai ciki kuwa sai ta haihu. A gado, matar mamaci tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba, kuma in su huɗu ne wannan kason ɗaya za su raba. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji. To marubucin da ya gina labarinsa kacokan a kan Alhaji ya rubuta wa amarya rabin dukiyarsa a wasiyya, ya gina a kan abin da alƙali zai rushe a zama ɗaya. Ka je wurin malami da tambayoyinka a rubuce, ko ka zauna a kotun shari'a ka saurari yadda ake yi.

Haka batun asibiti. Sikila ta shiga labaran soyayya sosai, kuma da kyau da ta shiga, amma sau da yawa ana rubuta cewa idan mai jinin AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ya ciwon, ya auri mai AS, ɗa na huɗu ne zai zo da ciwon. A kowane ciki ne ake da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu, don haka ana iya samun ɗan fari da shi, ana iya samun biyu a jere, ana iya haihuwar biyar ba ko ɗaya. Wata budurwa na iya yanke shawarar aurenta da abin da ta karanta a wurinki.

Wanda ya koma ga gidansu don neman labari kuma yana da nasa tarkon, wato tonon asiri. Sauya suna kaɗai ba ya ɓoye kowa. Idan kin ce matar tela ce a Fagge mai 'ya'ya bakwai da tabon ƙuna a hannu, duk dangi sun gane Goggo ce, ko da kin kira ta Laraba. Kin samu masu karatu, ita kuma ta rasa sutura, ba ta da alƙalamin da za ta mayar da martani. Ki sauya gari, ki sauya sana'a da yawan 'ya'ya, ki haɗa halayen mutum uku a jikin mutum ɗaya. Abin da kike bukata daga rayuwarta shi ne gaskiyar abin da ta ji, ba adireshinta ba. Idan kuwa ba yadda za a yi labarin ya tsaya sai an gane ta, ki nemi izininta. Kuma kada a rubuta rikicin gida ana cikin fushinsa. A bari ya huce, domin rubutun mai fushi ƙara ce yake kai wa, kuma mai karatu na jin hakan.

Jan labari ma ciwo ne da ya yaɗu: shafi uku ana kwatanta kwalliyar amarya, babi guda ana gaisuwa. Ƙagaggun littattafan farko da suka fito daga gasar da aka shirya a 1933 ƙanana ne, ana iya karance ɗaya a yini, ga shi har yau ana karanta su a makarantu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016 ita ma gajeren labari take nema. Gwada matse babinka ya koma rabi, za ka ga abin da ya zube ba a kewarsa.

Na bar ƙa'idar rubutu a ƙarshe don ita ce mafi saurin gyaruwa. A saka wa waya allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, don "ya bata" da "ya ɓata" ba abu ɗaya ba ne. A raba "ya ce" da "ta zo", a haɗa "suna" da "masa". A bambanta "a kan tebur" da "akan yi haka". Idan an gama, a ajiye rubutun mako guda, sannan a ba wanda ba ya jin nauyinka ya karanta da jan biro a hannu.