Bashin ranar albashi a Amurka, da waɗanda ke yanka masa farashi

Watannin farko sun fi ci wa sabon zuwa tuwo a ƙwarya. Guzuri ya tafi a kuɗin ajiya na gidan haya, albashi bai zauna ba, ga sanyi ya jawo takardar kuɗin gas, daga gida kuma an fara kiran waya ana gaisuwa mai tsawo. A wannan lokacin ne ido ke faɗawa kan shagunan nan na bakin titi masu allon Payday Loans ko Cash Advance. Ba ruwansu da tarihin bashinka, wanda dama ba ka da shi. Katin shaida, takardar albashi da asusun banki kawai suke nema, kafin shayinka ya huce ka fito da kuɗi a aljihu.

Ga yadda lissafin yake. A ce ka karɓi dala 400. Abin da aka saba caja shi ne dala 15 a kan kowace 100, wato dala 60, kuma ka sa hannu cewa bayan mako 2 za su ciri dala 460 daga asusunka. Ranar ta zo, albashin ya shigo, amma idan suka kwashe 460 ba abin da zai rage na haya. Sai ma'aikaciyar shagon ta yi murmushi ta ce ba komai, biya 60 ɗin kawai a ɗaga maka. Ka yi haka sau 6, cikin wata 3 ka zuba dala 360, ɗari huɗun nan kuma tana nan daram a wuyanka. Idan aka auna wannan caji da ma'aunin shekara, ruwan ya kai kashi 391 cikin ɗari. Hukumar tarayya mai kare masu mu'amala da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta gano a 2014 cewa 4 cikin kowane 5 na irin wannan bashi ana ɗaga shi ne ko a sake cin wani cikin kwana 14. Ribar shagon ba a wurin mai biya da wuri take ba. Hukuncin riba kuwa malamai sun gama bayani, ba sai na ƙara ba. Ni dai shawarata, duk takardar bashi da aka miƙo maka, ka nemi haruffa uku, APR, wato ruwan bashin a ma'aunin shekara, ka duba lambar da ke gabansu kafin ka taɓa biro.

Abin da yawancinmu ba mu ganewa da wuri shi ne, jiha ce ke da wuƙa da nama a wannan harka. Gwamnatin tarayya ta sa iyakar kashi 36 tun 2006, amma ga sojoji da iyalansu kaɗai. 'Yan uwanmu na Bronx ba sa ganin waɗannan shaguna, domin a jihar New York ruwan da ya wuce kashi 25 laifi ne. Mutanen Nijar da ke Greensboro su ma sun huta, jiharsu ta North Carolina ta rufe ƙofar tun 2001. Illinois ta sa iyakar kashi 36 a 2021. Amma wanda ya sauka a Houston ko Dallas yana cikin wata duniya dabam, Texas ba ta iyakance kuɗin da dillalan bashin ke ɗorawa ba, har yakan haura kashi 600. Kuma ko a jihar da ta hana, akwai masu ba da bashin ta intanet, sai a yi hattara. Wanda ya fi muni shi ne na jinginar da takardar mota, ga mai neman abinci da Uber wannan kasada ce da jarinsa gaba ɗaya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba wanda zai ce ba zai taɓa matsuwa ba. Idan ta kama, a fara da adashi ko asusun ƙungiyar 'yan gari ko na masallaci. A buɗe asusu a bankin haɗin gwiwar mambobi, wanda suke kira kiredit yuniyon. Da yawansu na da ƙaramin rance na gaggawa da ruwansa ba ya wuce kashi 28. Lambar 211 kuma tana haɗa mutum da masu taimakon haya, abinci da kuɗin wuta a yankinsa. Kamfanin lantarki ma yakan yarda a raba maka biya idan ka kira kafin a yanke.

Sai dai irin wannan taimako ba daga sama yake faɗowa ba. Kusan duk jihohin Amurka dokarsu ta tilasta musu daidaita kasafi, ba su da damar kashe abin da ya wuce kuɗin shiga yadda tarayya ke yi. Da zarar haraji ya ja baya, almakashi yakan fara da abubuwan da talaka ya dogara da su: tallafin renon yara, azuzuwan Turanci na manya, motar bas, ƙananan asibitoci. A Illinois, daga tsakiyar 2015 zuwa tsakiyar 2017, gwamna Bruce Rauner da majalisa sun kasa daidaitawa, jihar ta yi shekara 2 ba cikakken kasafi. Ƙungiyoyin agaji suka yi ta jiran kuɗinsu, wasu suka sallami ma'aikata suka rufe ofisoshi. Uwar da aka yanke wa tallafin reno, ina kuke zaton za ta nufa a ƙarshen wata?

Labarin Ohio ya isa misali ga mai ganin cewa magana da 'yan majalisa ɓata lokaci ne. A 2008 jihar ta sa iyakar kashi 28, masu zaɓe suka tabbatar da ita a akwati. Masu shagunan suka zagaya suka yi rajista a ƙarƙashin wasu dokokin, suka ci gaba da cin karensu ba babbaka har shekara 10. Limaman coci, ƙungiyoyin unguwa da waɗanda bashin ya cinye ba su gaji ba, suka yi ta sintiri zuwa Columbus, babban birnin jihar, suna ba da shaida a gaban kwamitin majalisa. 'Yan majalisa biyu, Kyle Koehler na Rifablikan da Mike Ashford na Dimokurat, suka ɗauki ƙudirin tare, gwamna John Kasich ya sa masa hannu a 2018. Yanzu a Ohio bashin ba ya wuce dala 1,000, kuma ruwa da caji gaba ɗaya ba za su haura kashi 60 na uwar kuɗin ba.

Ba sai kana da fasfon Amurka za ka yi magana ba. Ka sa adireshinka a shafin majalisar dokokin jiharku, zai nuna maka masu wakiltar unguwarka. Idan ka kira, wani matashin ma'aikaci ne zai ɗauka. Ka faɗi sunanka da unguwarka, lambar ƙudirin, da abin da ya same ka a jimla uku, shi kenan. Suna rubutawa suna ƙirgawa. Mutum biyar daga masallaci ɗaya su je ofishin mazaɓa tare ya fi wasiƙa ɗari masu kalmomi iri ɗaya. Amma a kiyaye wannan: wanda bai zama ɗan ƙasa ba kada ya yi rajistar zaɓe, ko da an miƙo masa fom a ofishin lasisin tuƙi, domin hakan na iya jawo kora daga ƙasar. Gudummawar kamfe ma sai ɗan ƙasa ko mai girin kad.

A kuma lura da lokaci. Yawancin jihohi shekarar kasafinsu na farawa ran 1 ga Yuli, don haka daga Janairu zuwa Mayu ake ja-in-ja. New York tata ran 1 ga Afrilu ce, kenan mutanen Bronx su yi kiransu a Fabrairu ko Maris. Majalisar Texas kuwa sau ɗaya take zaman da ta saba a shekara 2, na kwana 140 daga Janairu, a shekarun da lambarsu ba ta rabuwa biyu.