Masu shirin zaga Utah da motar kwana

Jama'a, duk mai niyyar hayar babbar motar nan mai gado da kicin don zaga wuraren shaƙatawa na ƙasa na Zion da Bryce Canyon a jihar Utah ta Amurka, ya fara auna tsayinta da faɗinta. Ramin da hanya ta ratsa cikin dutse a Zion tun 1930 aka gina shi, matsattse ne, ba kowace mota ake bari ta shiga ba.

Kada zafin rana ya ruɗe ku, Bryce tudu ce da ta haura mita 2,400 sama da teku, da dare sai da bargo. A gangara ku sa ƙaramin giya, in ba haka ba birki ya yi ta ƙauri. In hadari ya haɗo, ko daga nesa ne, ku fita daga kwazazzabo, ambaliya ba ta sallama.