Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Canza Ƙwan Fitilar Hazo ta Mota

Fitilar hazo ita ce ƙaramar fitilar nan da ke ƙasan bamba, dama da hagu, wadda aka ƙera don ta shimfiɗa haske ƙasa-ƙasa da faɗi a kan kwalta, saɓanin babbar fitila wadda haskenta ke dukan ƙura ya dawo wa direba ido. Yawancin masu mota ba sa tunawa da ita sai hunturu ya kama, hazo ya rufe hanya tsakanin Disamba da Fabrairu, sannan a murɗa makunni a tarar gefe ɗaya ba ya kamawa. Canza ƙwan ba ya ɗaukar lokaci, amma a cikin wannan ɗan aikin ne mutane ke asarar kuɗi, wasu har su ƙone soket ko su narkar da gidan fitilar.

Kuskuren da ke zuwa da wuri shi ne ɗora wa ƙwai laifi ba tare da an gwada shi ba. Idan fitilun biyu suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce ƙwayayen ne suka mutu tare, don haka sai a fara da fiyus, wanda taswirarsa take a jikin murfin akwatin fiyus, sannan a duba rile, wato 'yar na'urar da ke buɗe wa fitilar wuta idan an murɗa makunni, da makunnin kansa. A sani kuma cewa a motoci da yawa fitilar hazo ba ta kamawa sai an kunna ƙananan fitilu ko ƙaramin hasken babbar fitila, kuma a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka takan mutu da kanta da zarar an ɗaga babban haske. Idan kuwa gefe ɗaya ne ya mutu, a ciro ƙwan gefen da ke aiki a sa a can. In ya kama, tsohon ƙwai ne ya mutu, in bai kama ba, matsalar tana soket ko waya, kuma aikin mai gyaran wayar mota ne.

Babban kuskure, a ganina, shi ne sayen ƙwai da ido ko da sunan mota kawai. Mutum ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ce a ba shi ƙwan fitilar hazo na Corolla, alhali ƙirar shekara kaza da ta shekara kaza ba ƙwai ɗaya suke ɗauka ba, kuma motar da ta fito daga Amurka tana iya bambanta da 'yar'uwarta da ta fito daga Turai. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin motocin da aka saya na hannu an riga an canza musu bamba ko fitilar kanta, ta yadda ko littafin motar ma zai iya saɓa wa abin da ke jikinta. Abin dogaro shi ne lambar da ke rubuce a gindin tsohon ƙwan, saboda haka a ciro shi a tafi da shi kasuwa. Lambobin da aka fi gani su ne H11 mai wat 55, H8 mai wat 35, H16 mai wat 19, H3 mai wat 55, 880 da 881 masu wat 27, da 9006, wanda a Turai ake rubuta shi HB4. H8 da H11 da H16 sun yi kama sosai, bambancinsu yana ga 'yan kunnuwan da ke gindinsu, kuma a nan ne wasu ke ɗaukar wuƙa su fere kunne don ƙwai ya shiga dole. Masu ƙera mota ba don ado suka bambanta kunnuwan nan ba. Gidan fitilar da aka yi wa ƙwan wat 19 sau da yawa na roba ne, in aka cusa masa na wat 55 zafin ya kusan ninkawa uku, madubin ciki ya dushe ko ya narke.

Haka abin yake ga masu neman ƙwan wat 100 don haske ya ƙaru. A lantarkin mota mai bolt 12, ƙwan wat 55 yana jan ƙasa da amfa 5 (amfa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), shi kuwa na wat 100 yana jan fiye da amfa 8, wayar da soket ɗin kuma ba a yi su don wannan nauyin ba. Idan fiyus ya fara ƙonewa, sai a ga an sa wanda ya fi shi ƙarfi ko an ɗaura waya a madadinsa, kuma ta haka gobara ke tashi a mota.

Wajen cirewa, a kashe mota, a bar ƙwan ya huce. A yawancin motoci ana kai wa gare shi ne ta bayan robar da ke rufe mazaunin tayar gaba, bayan an murɗa sitiyari zuwa ƙarshe an cire 'yan maɓallan robar, ko kuma ta ƙasan bamba. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A danna harshen soket kafin a ja, kada a ja waya, sannan a murɗa ƙwan hagu kaɗan ya fito. H3 ya bambanta, domin wani siririn ƙarfe ne ke danne shi, kuma yana da 'yar wayarsa a jiki.

Sabon ƙwan halojin, wato irin ƙwan gilashin nan mai siririn zare a ciki da aka saba gani a mota, ba a taɓa gilashinsa da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da sauran gilashin, sai ƙwan ya mutu tun bai daɗe ba. A riƙe shi ta gindi, in an taɓa bisa kuskure a goge da sifirit da ƙyalle mai tsabta, a bari ya bushe. A tabbatar zoben robar da ke gindinsa ya zauna daidai kuma ƙwan ya murɗu har ya tsaya, saboda fitilar tana kusa da ƙasa, ruwan damina da na wankin mota suna isa gare ta cikin sauƙi. Idan aka ga ruwa ya kwanta a ciki, a nemi inda ya tsage a gyara tukuna, in ba haka ba sabon ƙwan ma hanyar tsohon zai bi.

Masu komawa ƙwan LED su lura cewa wasunsa ba sa kamawa sai an juya soket, kuma wasu motocin sukan nuna gargaɗi a dashbod saboda ƙarancin wutar da yake ja. Farin haske mai shuɗi-shuɗi yana da kyan gani, amma a cikin ƙurar hunturu ya fi gajiyar da ido, don haka na fi ba da shawarar mai launin rawaya. Ya fi kyau a canza ƙwayayen biyu tare, tunda shekarunsu ɗaya kuma hasken zai daidaita. Bayan an gama, a tsayar da mota a fili mai daidaito tana fuskantar bango daga nisan kamar mita 7, a kunna fitilar, a duba cewa saman hasken yana ƙasa da tsayin fitilar kanta, in ya haura a daidaita shi da kusar da ke jikin gidan fitilar domin kada ya shiga idon direban da ke tahowa.