Yadda Ake Daidaita Tsayin Murfin Tayimin da Bulok ɗin da Aka Kankare

A wasu injina masu sarkar tayimin (sarkar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul), irin su 22R na Toyota da ke cikin tsofaffin Hilux, da M102 na Marsandi 190, da injinan Datsun na jerin L, saman murfin tayimin (murfin da ke rufe sarkar a gaban injin) da fuskar bulok (gangar jikin injin da silindoji ke ciki) a layi ɗaya suke, kuma top gaskit ɗaya ne (shimfiɗar da ke hana yoyo) ke shimfiɗe a kansu duka kafin top silinda, wato kan injin, ta zauna. Saboda haka duk abin da aka rage daga fuskar bulok, dole ne a rage daidai shi daga saman murfin. Da yawa ana kai bulok wurin mai injin kankara a bar murfin a gareji cikin kwanon kayan da aka kwance, sai an gama ɗauri an tayar da mota a ga baƙin mai yana tsattsafowa daga goshin injin.

Dalilin a fili yake. Idan an cire milimita 0.2 daga bulok, murfin zai fi shi tsayi da milimita 0.2, sai top silinda ta dogara a kan murfin daga gaba, gaskit ɗin kuma ya kasa matsuwa sosai a kusa da silinda ta farko. Abin da ke biyo baya shi ne yoyon mai, ko hurewar gaskit, ko tsagewar murfin kansa, domin na alminiyam ne kuma ba zai jure ƙarfin notunan top silinda ba.

Hanya mafi inganci ita ce a kankare su tare. A wanke murfin da fuskar gaban bulok tas, a tabbatar fegin ƙarfe da ke tsayar da murfin a mazauninsa suna nan ba su yi lako-lako ba, a sa gaskit ɗin murfin, a ɗaure notuna da ƙarfin da littafin injin ya ƙayyade, sannan a miƙa su a haɗe domin wuƙar injin ta bi ta kansu a yanka ɗaya. Mai injin da ya san aikinsa shi da kansa zai tambayi murfin, kuma a ganina wanda bai tambaya ba ya kamata a tsaya a kansa a ga yadda zai yi aikin.

Idan kuwa an riga an kankare bulok shi kaɗai, sai a koma ga awo. A ɗaura murfin kamar yadda za a ɗaura shi a ƙarshe, a goge saman da tsumma mai tsabta, a aza miƙaƙƙiyar rular ƙarfe ta awo a kan murfin ta miƙe zuwa kan bulok, sannan a riƙa zura siraran ganyayyakin ƙarfe na auna tazara, wato filar geji, a ƙarƙashinta dab da mahaɗar, har a sami wanda ya shiga da ɗan ja. A auna gefen dama da na hagu daban-daban, domin ba lallai ne tudun ya zo daidai a ɓangarorin biyu ba, kuma a rubuta kowane. Farce ma yana ba da labari: idan aka ja shi daga bulok zuwa murfin ya sarƙe, akwai tudu. Da wannan awon za a mayar da murfin wurin mai injin ya rage shi, ko da yake mayar da bulok da murfin a haɗe ya fi tabbas.

Tudun da bai wuce ƙananan ɗigon milimita ba ana iya rage shi da hannu, amma da haƙuri. A cire murfin daga injin tukuna, domin garin alminiyam da yashin samfefa idan suka shiga hanyar mai sai sun cinye metal, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu. A manna samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri da ke kwance a tebur marar lanƙwasa, a shafe saman murfin da tawadar alƙalamin maka, a kifa shi a riƙa gogawa a hankali ana sauya alkibla, hannu yana danna ko'ina daidai. Inda tawadar ta fara gogewa nan ne ke cin ƙarfe, don haka idan gefe ɗaya ya yi fari ɗayan yana baƙi, riƙon ya karkace. Bayan kowane ɗan gugar a wanke, a ɗaura, a sake aunawa, saboda abin da aka cire ba ya komawa.

Abu ɗaya da bai kamata a yi ba shi ne cire fegin ko faɗaɗa ramukan notuna domin a zame murfin ƙasa. A 22R famfon mai da oyil sil (robar da ke tare mai) na gaban karanshaf a jikin murfin suke, kuma da zarar ya kauce daga tsakiya sil ɗin zai ci gefe ɗaya ya fara zuba, ƙasan murfin kuma ya saɓa da layin da kwanon mai ke zama.

Wani lokaci murfin ne ke gajarta, musamman idan an ɗauko shi daga injin da aka taɓa kankarewa. Top gaskit mai kauri ba ya magance wannan, domin bambancin yana nan a ƙarƙashinsa, sai dai a nemi wani murfin. Amfanin gaskit mai kauri daban ne: yana maye tsayin da aka rage, don kada sarkar tayimin ta yi sako-sako ko matsin silinda ya ƙaru.

Lokacin ɗauri na ƙarshe, a yanke bakin gaskit ɗin murfin da ya leƙo sama da reza har ya yi daidai da fuskar, a ɗiga ɗan gam na gaskit a mahaɗa biyun nan inda murfi da bulok suka haɗu, a aza top gaskit kafin gam ɗin ya bushe. A fara ɗaure manyan notunan top silinda bisa jerinsu daga tsakiya zuwa waje, sannan a ɗaure ƙaramin notin gaba da ke shiga cikin murfin, shi kuma da ɗan ƙarfi kaɗan, domin zaren alminiyam ba ya da wuyar tsinkewa.