Shawara ga masu fara tara tsoffin tsabar kuɗin Rumawa

Jama'a don Allah duk wanda zai fara kar ya ruga kan kuɗin azurfa na Otho, sarkin Rum da wata 3 kacal ya yi yana mulki a shekarar 69 miladiyya, kuɗinsa tsada ne da su kuma jabu sun cika kasuwa. Ku fara da ƙananan kuɗin tagulla na sarki Constantine (ya yi mulki 306 zuwa 337), suna da yawa, ga araha, a bayansu ta ƙasa akwai haruffan garin da aka buga, misali SIS na nufin Siscia, wani gari a ƙasar Croatia ta yanzu. Ku duba gefe sosai, in kun ga layin haɗi ko ƴan ramuka to jabu ne na zubi, na asali bugawa ake yi. Kuma kar a kankare koren nan da ke fitowa a jikin tsohuwar tagulla wallahi, darajar ke tafiya.