Kafin ku sauya sunan rukuninku

Jama'a, idan sunan rukuninku na dandalin sada zumunta ya ɗauko sunan banki, kamfani ko hukumar gwamnati, ku sauya shi tun kafin takardar lauya ta iso. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta sojan gona a Najeriya, kuma mai tambari na iya kai ƙara a rufe rukunin.

Ku duba sabon sunan a rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, tukuna, kada ya zama na wani ne. A Facebook, da zarar an sauya, sai bayan kwana 28 a sake, don haka a kiyaye kuskuren rubutu. Inda aka fi tuntuɓe: a gyara suna, a bar tambarin a hoton rukuni da bayaninsa. Ku cire duka, sannan admin ya sanar da mambobi tun kwana biyu kafin nan, kada su zaci an yi kutse.